Yawon cin abinci a Giranada: mun biya kuɗin giyar da ba mu sha ba

Uwargida ce ta gano shi a waya tun muna Madrid wurin ƙanena: wani kamfani da ke zagayawa da baƙi cikin tsohon birnin Giranada, a kudancin Sifaniya, ana tafe ana ɗanɗana abincin garin. Yuro 70 kowane mutum, sa'a uku da rabi, wurare biyar. Na yi ɗan tsaki da na juya kuɗin zuwa naira, amma kwana uku kacal za mu yi, kuma baƙo ko da ido makaho ne. A wurin biyan kuɗin akwai gurbin da aka ce ka rubuta abin da ba ka ci. Na rubuta ɓaro-ɓaro: mu biyu, ba naman alade, ba giya, ko wadda aka zuba a girki. Saƙo ya dawo cewa an karɓa, babu damuwa.

Ƙarfe bakwai na yamma muka haɗu kusa da babbar majami'ar garin. A can wannan lokacin rana na nan tsaye a watan Afrilu, mutanen garin ma ba sa zama cin abincin dare sai tara ko goma. Mu goma ne, sauran duk Amurkawa da Jamusawa. Jagorarmu wata matashiya ce 'yar garin, mai fara'a da saurin baki, wadda ta karanta tarihi a jami'a.

Shagon farko da muka shiga, na ɗaga kai sai na ga rufin cike da cinyoyi a rataye, jere-jere, kowace da kofatonta, an manna mata ɗan mazurari a ƙasa don tare kitsen da ke ɗiga. Uwargida ta taɓa ni ta ce, "Malam, wannan dai ba cinyar rago ba ce, ko?" Ba ita ba ce. Busasshen naman alade ne, abin alfaharin yankin, wanda ake kawowa daga Tarabeles, wani ƙauye a saman duwatsun Alfuhara inda iska mai sanyi ke busar da shi. Kafin mu yi magana an ajiye mana faranti a gaba tare da kofuna biyu na jan giya. Da na yi wa jagorar bayani, fuskarta ta canja nan take. Ta duba takardarta, ta juya bayanta, babu ko alamar abin da na rubuta. Ofis bai sanar da ita ba. Ta ba da haƙuri ya fi sau biyar, ta ruga ta samo mana cuku da soyayyen almon da ruwan inabi marar maye, wanda suke kira mosto. Muka zauna muna tauna almon minti ashirin, mai shagon yana nuna wa sauran yadda ake yanka naman siriri har ana hango wuƙa ta cikinsa.

Ba zan ɗora wa yarinyar laifi ba. Daga nan har ƙarshe ita ke riga mu shiga kowane wuri, ta leƙa kicin ta yi magana da mai girki. Sai dai gyaran da za ta iya yi yana da iyaka, don tsarin yawon kansa a kan abu biyu aka gina shi, kuma duka biyun ba namu ba ne. A wurare huɗu daga cikin biyar an kawo giya iri daban, kowace da dogon bayani: daga wace gona, shekara nawa a ganga, da wane abinci take tafiya. Abokan tafiyarmu suna juya kofi suna shinshinawa, mu muna riƙe da mosto na huɗu, zaƙi ya fara hawa mana kai. Kuma gaskiya zama a teburin da ake sha bai yi mini daɗi ba. Na ɗauka gidajen abinci za a kai mu, ashe rabinsu mashaya ce da ke sayar da abinci. Wannan kuskurena ne, da na karanta tallar da kyau da na gane.

Abin da ya fi ci mini rai sai daga baya na fahimce shi. Giranada tana da wata al'ada da ba kowane birnin Sifaniya ke da ita ba: in ka sayi abin sha, ana kawo maka ɗan farantin abinci kyauta, shi ne tafas. Kamar gyara ce da mai ƙosai ke ƙara maka, sai dai tasu gyarar takan kai ka ƙoshi in ka yi zagaye uku. Kuma ba sai giya ba, lemun kwalba ko mosto ma ana ba ka. Wato abincin da muka ci a daren nan, da mu kaɗai muka shiga, bai kai rabin abin da muka biya ba. Kuɗin ya tafi ne a giya mai tsada da wancan naman. Mu mun taya wasu biya.

To amma abincin da ya halatta gare mu, wani ya burge. Na ɗaya shi ne soyayyen yalo da zumar rake. Yalon nasu dogo ne, baƙi-baƙi, ba ɗaci. An yanka shi sirara, an tsoma a gari, an soya a man zaitun har ya yi ƙarau, sannan aka zuba masa wata baƙar zuma mai kauri da ake yi da ruwan rake. Ɗanɗanonta ya tuna mini da mazarƙwaila. Gishiri da zaƙi da zafin mai suka haɗu wuri guda, uwargida ta cinye nata ta miƙo cokali cikin nawa ba tare da ta dube ni ba. Jagorar ta ce Larabawa ne suka kawo noman rake gaɓar tekun yankin, wajen garin Motiril. Na biyu wani kwaɗo ne na lemun zaƙi da albasa da zaitun da kifi mai gishiri da aka jiƙa aka yayyaga, da dafaffen ƙwai a kai. A ido ba ka ce zai ciwu ba, a baki kuwa sanyi da armashi. Sai ƙananan kifaye soyayyu da ake ci har ƙaya, waɗanda ba su fi na bakin kogi a gida ba, in ban da rashin yaji. Yaji kam ku tafi da naku.

An kuma yi tuntuɓe a wuri na uku. Sun kawo wata miyar tumatir mai sanyi da kauri, wadda ake markaɗawa da burodi da tafarnuwa da man zaitun. Duk da gargaɗin jagorar, ta iso da 'yan jajayen gutsattsari a kai. Mai kawo abincin ya ce ai ado ne kawai, a kwashe da cokali. A wurinsu wannan barbaɗen ba a lissafa shi cikin nama, kamar yadda mu ba ma lissafa daddawa cikin kayan miya da za a tambaya. An canja mana kwano, amma daga nan na koyi cewa faɗin "sin cerdo", wato ban da alade, bai isa ba, sai ka ƙara da "sin jamón", wato ban da busasshen naman nan nasu. Haka kayan zaƙi: akwai wani biskit mai narkewa a baki, mantekado, da kitsen alade ake kwaɓa shi. A tasha ta ƙarshe an ba mu fiyonono, ɗan nadin kek jiƙaƙƙe da ƙonannen kirim a kai, wanda asalinsa daga Santa Fe ne, garin da sarki Fadinan da sarauniya Isabela suka kafa a matsayin sansani lokacin da suka yi wa Giranada ƙawanya a 1491. Sai da muka tambayi mai shagon abin da ke cikin ruwan zaƙin kafin muka ci. Loma biyu ne, zaƙi kamar alewa.

Inda kuɗina ya ɗan dawo shi ne tsakanin shago da shago. Yarinyar ta san garinta. Ta ratsa da mu ta Alkaisariya, tsohuwar kasuwar siliki mai lunguna kamar na Kurmi, wadda gobara ta cinye a 1843 aka sake gina ta, yanzu sai tsarabar 'yan yawon buɗe ido. Ta tsayar da mu a ƙofar madarasar da Sarki Yusuf na ɗaya ya gina a 1349, daura da ɗakin da aka binne Fadinan da Isabela, waɗanda suka karɓi birnin a 1492. Taku kaɗan ne tsakaninsu. A dandalin Bib-Rambla ta nuna mana inda aka ƙone littattafan Larabci 'yan shekaru bayan faɗuwar birnin. Kuma ba ta ɓoye komai ba: ta ce bayan an tilasta wa Musulmi da Yahudawa sauya addini, ƙin cin alade na daga cikin abin da ake kai ƙarar mutum a kansa. Na tuna rufin shagon farko, na yi shiru. Da ta ji daga Afirka ta Yamma muke, sai ta ce ai ɗan garinsu, Abu Ishaƙ Assahili, ya haɗu da Mansa Musa a aikin hajjin 1324, ya bi shi Mali, kuma a Tambutu ya rasu. Ban zaci jin sunan Tambutu a wannan lungun ba.

Washegari muka ci gashin kanmu. Tikitin Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi da ke kan tudun birnin, dama mun saye shi tun da makonni, don yana ƙarewa, kuma sashen sarakunan Banu Nasar da ke ciki lokaci ake rubuta maka, in ka makara ka yi asara. A tafi da fasfo, ana dubawa. A bango ko'ina an sassaƙa "Wa la galiba illallah", uwargida tana bin rubutun da ido tana karantawa a fili, har wata Bajamushiya ta matso tana saurare. Da muka sauko muka shiga titin Kaldereriya Nuweba, inda gidajen shayi na 'yan Maroko suke jere. Kuskus da naman rago, shayi da na'a-na'a, halal ba tambaya, kuɗin mu biyu bai kai na mutum ɗaya a daren jiya ba, ko da yake naman ya ɗan bushe kuma an san farashin baƙi ne. Daga nan muka haura unguwar Albaisin, hawa mai karya gwiwa a kan duwatsu masu santsi, har zuwa masallacin da aka buɗe a 2003 a gefen dandalin San Nikolas. Dandalin cike yake da masu ɗaukar hoto da masu kaɗa jita. Lambun masallacin kuwa shiru, kuma abin da ake gani ɗaya ne: Alhamra ta yi ja da hasken faɗuwar rana, dusar ƙanƙara a kan tsaunukan Siyera Nebada a bayanta. A nan muka yi magariba.

Na rubuta wa kamfanin koke. Sun amsa bayan kwana huɗu, da ban haƙuri da tayin ragi in mun sake yin wani yawon da su, alhali muna filin jirgi. In da maki ake bayarwa, jagorar ta ci biyar cikin biyar, kamfanin biyu. Wanda ke shan giya yana cin komai zai more kuɗinsa, na gani da idona. Musulmi kuwa gara ya ɗauki jagorar tarihi zalla, ya ci abincinsa da kansa, ko kuma kafin ya biya ya tambaya dalla-dalla wurare nawa ne mashaya, me za a ba shi a madadi, kuma za a rage kuɗin giyar ko a'a.

Zumar raken mun sayo kwalba biyu. Uwargida ta gwada ta a Kano da yalon kasuwar 'Yankaba, ɗacin ya rinjayi zaƙin, yara suka ƙi ci. Yanzu a kan fanke ake zuba ta, kuma kwalbar farko ta kusa ƙarewa.