Sky-Watcher Heritage 130P: madubin hangen taurari a ƙurar Gombe

Makaranta ko ƙungiyar masu duban wata da ke neman madubin hangen nesa na farko, wanda za a jefa bayan mota a hau Tula ko a nufi dutsen Bima da shi, to Heritage 130P ya isa a tsaya a duba shi. Nauyinsa kusan kilo 6 ne, yana naɗewa ya gajarce, kuma ba ya neman wutar lantarki.

Ƙarfinsa yana babban madubin da ke gindi. Faɗinsa milimita 130, yana tara haske a tazarar milimita 650, hasken da yake kamawa ya ninka na ido fiye da sau 300. Yana zuwa da gilasan ido biyu, wato ƙananan gilasan da ake ɗora ido a leƙa ta cikinsu. Mai milimita 25 yana ƙara girma sau 26, mai milimita 10 kuma sau 65. Da na farkon za ka ga wata cikakke, ka ga Kaza da 'Ya'yanta sun cika fili. Da na biyun za ka ga ramukan wata, da watannin duniyar Mushtari huɗu a jere, da zoben duniyar Zuhal, da Zara idan ta rame ta zama lauje. Hoton a kife yake fitowa, haka irin wannan madubin yake, ba lalacewa ba ce.

Gindinsa na katako ne, ana tura shi da hannu sama da ƙasa, dama da hagu. Wannan ya dace da mu ƙwarai. Madubai masu ƙafa uku da ake saitawa da tauraron arewa suna wahalarwa a Gombe, domin tauraron digiri 10 kawai yake saman ƙasa, bishiya ko hazo sun ishe shi ɓuya. Sai dai gajere ne, dole a ɗora shi kan abu. Teburin roba yana rawa, kuma a ninki 65 ko numfashi aka yi hoto zai yi tsalle. A nemi benci mai nauyi ko durom da aka zuba wa yashi.

Inda ya fi rauni shi ne rabinsa na sama a buɗe yake, sanduna biyu ne kawai ke riƙe da ƙaramin madubin da ke karkato haske zuwa ido. Ƙurar hunturu tana shiga kai tsaye, hasken fitilar maƙwabta ma haka. Maganinsa a yanko baƙin soso marar kauri ko baƙin kwali a naɗe wajen, a ɗaure da roba. Idan ƙura ta kwanta a madubi, kada a kuskura a goge da tsumma. Fatar alminiyon da ke mayar da haske a saman gilashin take, ƙwayar yashi ɗaya za ta ja mata layin da ba ya fita. 'Yar ƙura ba ta rage gani sosai. In ta yi yawa a cire madubin, a ɗauraye da tataccen ruwa, a jingine shi ya bushe da kansa.

Wajen da ake murɗawa a daidaita gani yana da ɗan sako-sako. Zagaye biyu ko uku na farin tef ɗin masu gyaran famfo a kan zaren sukurun wajen yana tsayar da shi. Manunin jan ɗigo, wato 'yar na'urar da ake auna tauraro da ita, yana cin batirin CR2032, kuma mantawa da kashe shi ne ke cinye batirin. Bayan gargadar hanya madubi kan goce. A kama tauraro mai haske a tsakiya, a ɗan murɗa wajen daidaita gani ya kauce daga daidai: tauraron zai zama kamar zobe mai baƙin rami. Idan baƙin ramin ya karkata gefe, a sassauta sukurori uku na kulle da ke gindi, a murɗa ukun saiti kaɗan kaɗan har ya dawo tsakiya.

Masu duban jinjirin wata su kiyaye sosai: kada a buɗe murfi sai rana ta faɗi gaba ɗaya, domin haskenta ta cikin madubin nan yana makantarwa nan take.

Hawa dutse yana raba mutum da fitilun gari, amma ba ya raba shi da hazo. Shi ya sa aka kai manyan madubai irin Keck biyu, kowanne faɗin mita 10 da aka haɗa da gutsuna 36, ƙolin Mauna Kea a Hawai, sama da mita 4,000, inda iska ta bushe ta yi tsabta. Duwatsunmu ba su kai rabin haka ba, ƙurar hunturu tana bi ta samansu. Daren da ya fi kyau a nan shi ne wanda ruwan sama ya wanke iska, musamman ƙarshen damina wajen Oktoba. A fitar da madubin minti 30 kafin a fara don ya huce, kuma a guji kafa shi kan falalen dutsen da ya sha rana, saboda zafin da ke tashi daga jikinsa yana sa hoto ya riƙa kaɗawa har dare ya yi nisa.