Wata bakwai ina tsara fom da OGL daga Maradi

Daga ɗakina a unguwar Ali Ɗan Sofo nake shiga babbar kwamfutar wani kamfanin inshora na waje, irin wadda manyan bankuna ke riƙe lissafinsu da ita, mai aiki da z/OS, babbar manhajar kamfanin IBM da ke tafiyar da irin waɗannan kwamfutoci. Kwangilata ita ce tsara fom ɗin takardun da ake aika wa abokan ciniki. Manhajar da aka ba ni sunanta OGL/370, yau wata bakwai ke nan muna tare.

Duk wanda ya taɓa kai aikin kundin rasit wajen masu ɗab'i a bakin babbar kasuwa zai gane abin nan take. Can ana buga layuka da akwatuna da sunan shago tun farko, mai shago ya riƙa cikewa da biro. Nan ma haka ne, sai dai ba a tara katan-katan na takardu a sito. Fom ɗin yana zaune cikin kwamfuta, sai lokacin bugu a ɗora shi kan farar takarda tare da suna da lambobin kowane mutum, a tashi ɗaya.

Wahalarta ita ce ba ka ganin abin da kake zanawa. Rubutawa kake yi. Da SETUNITS ka zaɓi ma'auni, milimita ko inci, da POSITION ka nuna wurin tsayawa, DRAWBOX ya ja akwati, DRAWRULE ya ja layi, SETTEXT ya sa rubutu. Ka tura aikin da JCL, wato harshen ba babbar kwamfutar umarnin aiki, OGL ta harhaɗa shi ta mai da shi abin da na'urar bugu ke ganewa a tsarin bugu na IBM da ake kira AFP. Sai ka duba lambar da ta dawo: 0 lafiya lau, 4 gargaɗi, 8 kuskure. Amma 0 ba shaida ba ce cewa fom ya yi kyau. A aikina na farko na bi samfurin da aka yi kan takardar Amurka, mai inci 8.5 a faɗi, alhali A4 ake bugawa, mai milimita 210. Wajen milimita 6 ne bambancin, ya kuwa isa ya yanke akwatin jimillar kuɗi. Kwana biyu na yi ina sake awo da rula a kan tebur.

Sunan fom ma yana da ƙa'ida: harafi takwas, biyun farko O1 ne, saura shida naka.

Duk da haka na ƙaunaci OGL, kuma dalilin na nan gida. Allon 3270, wanda ta kansa nake shiga babbar kwamfutar, layi 24 ne, kowane da harafi 80, rubutu zalla, don haka ko intanet na jan ƙafa ina aikina. In an ɗauke wuta bayan na tura aiki, can yake gudana ba a kwamfutata ba, in na dawo in tarar da sakamako yana jirana. Ranar da kamfanin ya sauya adireshi, layi ɗaya na gyara na sake harhaɗawa, washegari PSF, mai kai aiki ga na'urar bugu, ta fitar da dubban takardu da sabon adireshi. Ko falle ɗaya ba a zubar ba. Mai son katin biki dai ya nemi wata manhajar, wannan ta mai buga takarda iri ɗaya ce kullum ta Allah.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne haruffanmu. Jadawalin haruffan kwamfutar, EBCDIC mai lamba 297, da muke aiki da shi na Faransanci ne, akwai é da ç, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Da na gwada fom da Hausa don nuna wa shugabana, na ƙi yarda in rubuta "kudi" a gurbin "kuɗi". Kowace kalma mai lanƙwasa sai da na mai da ita hoto, na liƙa a wurinta kamar tambarin kamfani. Kalma goma sha ɗaya ce, ta ci mini yini guda, amma ta fito a takarda da lanƙwasarta.