Kwalin littattafan mashahuran Amurka da na saya wa 'yata

A makarantun Amurka watan Fabrairu na tarihin baƙar fata ne. Bana ajin 'yata, aji huɗu, zamanin bauta da yaƙin basasa aka ba su. Kowane yaro zai zaɓi mutum guda daga wancan lokacin, ya karanta rayuwarsa, ranar taro ya yi shigarsa, ya tsaya gaban iyaye ya ba da labari kamar shi ne. Abin da na sani na tarihin ƙasar nan bai taka kara ya karya ba, shi ya sa na yi odar kwalin ƙananan littattafan nan da matan unguwarmu ke ta yabawa, mai littafi takwas.

Yarinyar nan ba ta son karatu, sai an yi da gaske take buɗe littafi. Ranar da kwalin ya iso ina kicin ina tuƙa tuwo, na ji falo shiru. Can sai ga ta a bakin ƙofa, yatsanta a tsakiyar shafi, ta ce, "Umma, kin san da burodi ya sayi karatu?"

Frederick Douglass take nufi. An haife shi cikin bauta a jihar Maryland wajen 1818, aka kai shi birnin Baltimore yana yaro. Matar gidan ta fara koya masa baƙaƙe, mijinta ya hana, wai karatu yana lalata bawa. Daga nan in an aike shi sai ya cusa burodi a aljihu, ya ba 'ya'yan talakawan Turawa da ke yawo a titi da yunwa, su kuma su biya masa karatu. A 1838 ya tsere, a 1847 ya kafa jaridarsa. Duk wannan a tsaye ta zayyana mini, ni kuwa muciya a hannu har tuwon ya fara kamu. Wallahi sai da na juya baya na share hawaye. A daren ta karanta littafin sau biyu, ta ce shi za ta zama ranar taro, ba ruwanta da cewa namiji ne.

Da a wannan daren na rubuta sharhin nan, tauraro biyar zan ba su ba musu.

To, amma akwai littafin Abraham Lincoln, shugaban Amurka na lokacin yaƙin basasa, a kwalin. A ciki an rubuta ƙarara cewa a 1863 ya sa hannu a takardar da ta 'yanta dukkan bayin Amurka. Yarinya ta kwafi wannan ta sa a jawabinta. Da ta kai wa malamarsu ta duba, takardar ta dawo da jan biro zagaye da layin. Ashe shelar ranar 1 ga Janairun 1863 jihohin da suka yi tawaye kawai ta shafa. Kentucky da Delaware da Missouri ba sa ciki, haka ma Maryland, mahaifar Douglass ɗin da take wakilta. Maryland sai a 1864 ta soke bauta, ƙasar baki ɗaya kuwa sai Disambar 1865, da gyaran tsarin mulki na 13. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, kusan shekara uku ne na rayuwar mutanen da ke cikin ƙangi aka share da layi ɗaya.

Ta dawo gida idanu jawur tana cewa, "Umma, ai littafin ne ya faɗa." Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Yarinyar da sai yanzu ta fara yarda da littafi, a makon farko littafi ya kunyata ta. Na rubuta wa masu sayarwar, aka maido mini da amsar na'ura ta godiya, har yau shiru. A littafin Harriet Tubman ma, baiwar da ta tsere ta riƙa komawa tana fito da wasu, an ce mutum 300 ta kuɓutar, alhali masana tarihi na yanzu wajen 70 suke lissafawa a tafiye-tafiye kusan 13, kuma hakan bai rage mata komai ba. Ga shi bangon littafi biyu ya saki tun ba a yi wata ba.

Babanta ne ya lallashe ta da labarin Nicholas Said, ɗan Kukawa ta Borno, wanda ya shiga sojan jihohin Arewa a yaƙin basasar Amurka a 1863 cikin runduna ta 55 ta Massachusetts. Babu shi a kwalin, ban kuma zarge su a kan wannan ba.

Ranar taro ta sa kwat ɗin babanta, muka liƙa mata auduga a gashi, ga guntun burodi a aljihu, ta faɗi 1865 da ƙarfi har na baya suka ji. Tauraro uku na ba su, kuma albarkacin Douglass ne. Wadda za ta saya ta ɗauki biro ta gyara shafin Lincoln kafin yaro ya gani. Nawa na gyara, na Douglass kuwa yana ƙarƙashin matashinta.