Na'urar auna nauyin barci a ɗakin tiyata: abin da na gani a jinyar Hajiya

Duk wanda za a yi wa tsohonsa tiyatar da sai an sa shi barci gaba ɗaya, ya tambaya ko asibitin na da na'urar bibiyar ƙwaƙwalwa. Mu mun same ta a wani asibitin kuɗi da ke Nasarawa, inda aka cire wa mahaifiyata matsarmama, kuma na yaba da aikinsu, in ban da wajen lissafin kuɗi.

Fargabarmu tana da dalili. Yayar Hajiya, da aka yi mata aiki a wani wurin, ta farka ba ta gane kowa, tana kiran waɗanda suka daɗe da rasuwa, tana fizge robar ƙarin ruwa. Har an fara maganar iska a gida. Likitoci sun san wannan ruɗewar, ta fi kama masu shekaru bayan tiyata.

Ana gobe aikin, likitan barci ya zo bakin gado ya ja kujera ya zauna. Ya bi magungunan hawan jininta ɗaya bayan ɗaya, ya sa ta buɗe baki ya duba haƙoranta, sannan ya fito da wata 'yar siririyar leda mai gam. Ya ce, "Mama, wannan zan manna miki a goshi, ita za ta riƙa nuna mini ko barcin ya yi nauyi ko bai kai ba." Ta ce, "To ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, kada dai ka bar ni a can."

Sunan na'urar BIS. Tana ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa ta mayar da shi lamba daga 0 zuwa 100. Mai ido biyu yana sama da 90, a lokacin aiki kuwa ana riƙe mutum tsakanin 40 da 60. In lambar ta yi ƙasa sosai a rage magani, in ta haura a ƙara. Tun 1996 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita.

Abin da ya fi sa na yarda da likitan shi ne bai zuzuta ta ba. Ya ce mini bincike ya rabu biyu: wasu sun ga ta rage ruɗewa, amma wani babban gwaji da aka fitar a Amurka a 2019 bai ga bambanci ba. Shi dai tana taimaka masa kada ya ɗura wa tsohuwa maganin da ya fi ƙarfinta, kuma duk da haka idonsa na kan bugun zuciya da awon jini.

Hajiya ta farfaɗo da hankalinta. Ta kira sunana, ta tambaya ko an yi azahar. Ta yi tashin zuciya, maƙogwaronta ya yi ciwo saboda bututun numfashi, amma washegari da safe nas ta riƙe ta suka taka har bakin baranda.

Ƙorafina shi ne ledar goshin sau ɗaya ake amfani da ita, kuɗinta daban ne, kuma ba a sa shi a lissafin farko ba. Sai ranar sallama mai karɓar kuɗi ta miƙo mini takarda na gan shi. Da an faɗa tun farko da zan biya da hannu biyu, amma mai jinyar da ya tattaro kuɗinsa da ƙyar bai kamata a yi masa haka ba. In za ku je, ku sa a rubuta muku kuɗin barcin dalla-dalla kafin ku sa hannu a takardar amincewa.