Sayayyar Makon Jarrabawa: Abincin Da Ba Ya Cin Lokaci Da Maganin Ciwon Maƙogwaro

Idan jarrabawa ta rage mako biyu, lokaci ya fi kuɗi tsada a wurin ɗalibi. Wanda ke zaune a hostel, a Samaru ne ko a sabon mazaunin Jami'ar Bayero, abubuwa biyu ne suka fi kayar da shi a wannan tsakanin: cikin da babu komai sai shayi, da maƙogwaron da ya kama ciwo saboda kwanan aji da ƙurar hunturu. Duka biyun ana iya shirya musu da fita kasuwa sau ɗaya, in dai an san abin da za a ɗauka da abin da za a bari a kanti.

Fara da wutar da za ka dafa

Kafin ka sayi ko da gwangwanin shinkafa ɗaya, duba abin da za ka ɗora tukunya a kai, domin shi ne zai zaɓa maka abinci. Ƙaramar silindar gas mai kilo 3, wadda kan murhu ke ɗaure a samanta, ita ta fi sauri kuma ba ruwanta da ɗaukewar wuta. Wajen saye, shafa kumfar sabulu a inda kan murhun ya haɗu da silindar. In kumfar ta riƙa tasowa, gas na fita, kada ka ɗauka. Wajen cikawa kuma, nauyin silindar ba komai a ciki yana rubuce a jikinta, sai ka tsaya ka ga sikeli da idonka. Risho ya fi arha a sayen farko, amma kananzir yana cinye wannan arhar, ga hayaƙin da ke ƙara wa maƙogwaro ƙaiƙayi. Murhun lantarki yana jan wuta sosai, shi ya sa yake narkar da soket da ƙaramar wayar jona, kuma wasu hostel sun hana amfani da shi. Gawayi a ɗaki a rufe kuwa kada ma a soma: iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

In dokar hostel ta hana gas, butar lantarki da fulas mai kyau sun isa su riƙe ka. Da su za ka dama kunu, ka dafa ƙwai, ka ajiye ruwan zafi na dare.

Indomie, taliya, ko shinkafa da wake

Indomie ta yi suna ne saboda minti uku zuwa biyar ta nuna. Sai dai ƙaramar leda giram 70 ce kawai, ba ta ƙosar da saurayi, kuma garin ɗanɗanon da ke ciki gishiri ne ya fi yawa, shi ya sa ƙishirwa ke damun wanda ya ci biyu da daddare. Ledar taliya mai giram 500 ta kai nauyin ƙananan Indomie bakwai, tana yin ci uku ko huɗu, tana nuna cikin kamar minti goma. In ka kwatanta farashin biyun a shagon unguwarku da wannan lissafin, za ka ga inda riba take. Namu ra'ayin: a sayi taliya leda biyu ko uku a matsayin abincin yau da kullum, a ajiye Indomie kaɗan don daren da aka dawo daga aji ƙarfe biyu. Kowacce ka dafa, fasa ƙwai ɗaya ko biyu a ciki minti biyu kafin saukewa, ka yanka albasa da tattasai. In ba haka ba, sitaci zalla ka ci, bayan awa biyu yunwa ta dawo.

Shinkafa da wake da mai da yaji, wato garau-garau, ita ta fi duka riƙe ciki, ita ce kuma ta fi cin gas in ba a yi dabara ba. Dabarar ita ce jiƙa wake tun dare. Da safe zubar da ruwan, ɗora rabin gwangwanin wake a sabon ruwa ya yi kamar minti 30, sannan zuba shinkafa gwangwani ɗaya da ruwa gwangwani biyu, rage wuta, rufe tukunya, ba ta minti 20 zuwa 25. Kanwa tana saurin nunar da wake, amma ɗan gutsure kamar ƙwayar masara ya isa. In ta yi yawa, abinci ya yi duhu, ciki ya ɗauki ƙugi a ɗakin jarrabawa. Wajen sayen wake, ɗebi hannu ɗaya ka duba: ƙananan huji da gari a ƙasan kwano alamar ƙwari ne, warin magani mai ƙarfi kuma alamar an zuba masa maganin ajiya ne, duka a bar su.

Kuskuren da ya fi kwantar da ɗalibai shi ne dafa tukunya guda a yi ta ci kwana biyu. Dafaffiyar shinkafa da ta wuni ta kwana a ɗaki mai zafi tana haifar da wata ƙwayar cuta mai fitar da guba, kuma ɗumame ba ya kashe gubar. Amai da gudawa kan biyo baya cikin 'yan sa'o'i. In babu firiji, dafa abin da za ka cinye a zama ɗaya ko ku raba da abokin ɗaki.

Abin da ba ya buƙatar wuta

Garin rogo da sukari da ƙuli-ƙuli tsohon abokin ɗalibi ne. Saya wanda ya bushe ƙarau, mai ƙamshin suya, ba mai warin danshi ba. Shi kaɗai da sukari yana kawo kasala. Da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli da madara cokali biyu sai ya zama abinci. Burodi da kifin gwangwani ko dafaffen ƙwai, dabino, ayaba, duk suna shiga nan. Ƙwai kuwa gwada shi a kofin ruwa: wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya taso sama a jefar. Minti goma a tafasasshen ruwa ya dahu har ciki.

Lemon ƙara kuzari da Nescafé kofi uku a dare suna buɗe ido, ba sa sa karatu ya zauna. Kuɗin gora biyu na lemon in aka mayar da shi ƙwai ya fi amfani.

Maƙogwaro: me za a saya a kemis, me za a bari

Yawancin ciwon maƙogwaro bairos ne irin na mura ke kawo shi, kuma yana warkewa da kansa cikin kamar mako ɗaya. Ƙura, busasshiyar iska, hayaƙin risho da barci baki a buɗe saboda toshewar hanci suna ƙara masa zafi. Don haka abin da ake nema shi ne sauƙi, a samu a haɗiyi abinci a yi barci.

Mafi arha kuma mai aiki shi ne gishirin girki. Rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwa mai ɗumi, a ɗaga kai a kurkure can ciki, a tofar, sau uku ko huɗu a rana. Gishiri in ya wuce haka yana busar da wurin ya ƙara raɗaɗi. Sai zuma: ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, a lasa ko a zuba a ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami, musamman kafin kwanciya domin tana rage tarin dare. Gwaje-gwajen da ake yaɗawa na gane zuma ta gaskiya, na ashana da na ɗigawa a ruwa, ba abin dogaro ba ne, kuma daskarewar zuma a lokacin sanyi ba hujjar an haɗa ta da sukari ba ce. Saya wurin wanda aka sani ya fi kowane gwaji. Wanda ke zaune da iyali ya riƙe cewa ba a ba jaririn da bai shekara ɗaya ba zuma.

Shayin citta da kanumfari yana ɗumama wuya: ɗanyar citta kamar tsawon gaɓar yatsa, kanumfari uku ko huɗu, a tafasa minti biyar a kofi biyu na ruwa, a zuba a fulas. A sha da ɗumi, ba da zafin ƙona harshe ba. Masoro da barkono a wannan shayin, da yajin awara da tsire, a ɗaga musu ƙafa sai an warke. Kwanakin nan kunun gyaɗa, koko mara yaji sosai, da taliyar da ta nuna luguf su ne abinci.

Tsakanin alawoyin tsotsa akwai bambanci. Tom Tom alawa ce mai mantol, tana sanyaya wuya ta kawo yawu, arha ce, aikinta ke nan. Strepsils tana ɗauke da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta na baki kuma ta fi tsada. Ana tsotsar ɗaya duk bayan awa biyu zuwa uku, ba a taunawa, ba a wuce adadin da aka rubuta a kwali. In kuɗi ya yi kaɗan, gishiri da zuma da Tom Tom sun wadatar.

Don zafin haɗiya, farasitamol ne na farko: babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500 duk bayan awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce ƙwaya takwas a awa 24. A nan ake yin kuskure mai haɗari. Magungunan mura na haɗe irin su Procold da Mixagrip akwai farasitamol a cikinsu, wanda ya haɗa su da farasitamol zalla yana iya wuce iyaka ya taɓa hanta bai sani ba. Kuma suna ɗauke da sinadarin da ke sa barci, abin da mai bita ba ya so. Ibuprofen yana rage kumburi, amma bayan an ci abinci ake sha, mai olsa kuma ya nisance shi. Kowane magani, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ka biya.

Abin da za a bari a kanti shi ne kafso: Ampiclox, amoxicillin, ja da baƙi, ja da rawaya. Ba sa taɓa bairos, kuma shan guda huɗu a daina yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani ne kawai. Maganin tari mai kodin kuwa Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi tun Mayun 2018. Duk wanda ya miƙo maka shi ta ƙarƙashin kanta ba taimakonka yake yi ba. Haka zuwa wurin wanzami a yanke beli: ba ya maganin ciwon, yana iya jawo zubar jini da shigar cuta.

Akwai lokacin da asibitin makaranta ya zama dole, ko gobe ne jarrabawa. Zazzaɓi mai zafi tare da farin ruɓa a gefen maƙogwaro da kumburin kaluluwar wuya, ba tari ba majina, yana iya nuna cewa ƙwayar cutar bakteriya ce, ba bairos ba. Nan likita zai rubuta maganin kwana goma, kuma sai an shanye, domin barinsa na iya taɓa zuciya daga baya. Kasa haɗiye yawu, kasa buɗe baki, sarƙewar numfashi, ko ciwon da ya haura mako ɗaya, duk na asibiti ne. Tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi yawan waɗanda suka kamu. Alamarta wata fata ce mai ruwan toka da ke manne a maƙogwaro, da wuya ya kumbura ya yi kauri. Wanda ya ga haka a madubi da fitilar waya ya tafi asibiti a ranar, ya rufe hanci da baki a hanya, kuma ya gaya wa ma'aikatan lafiya su wa yake kwana ɗaki ɗaya da su.