Bidiyon gasar Eurovision ko fakitin darussan waƙa?

Malam, ka tambayi wanne ya fi wajen koyar da Turanci ta hanyar waƙa: tsakanin fakitin darussan waƙa da ake sayarwa da bidiyon gasar Eurovision ɗin kanta, wato gasar waƙa ta ƙasashen Turai, ɗauki bidiyon. Duka biyun na shiga aji da su, kuma fakitin ne kaɗai na yi da-na-sanin kashe wa kuɗi.

Dokar gasar ma kamar don malami aka yi ta: waƙa ba ta wuce minti 3. Za ka saka ta sau biyu ko uku, lokacin magana yana nan bai ƙare ba. Sannan tun 1999 da aka janye sharaɗin kowace ƙasa ta rera da harshenta, ƙasashe da yawa da Turanci suke shiga, mai sauƙi kuma, daidai kunnen ɗalibin da ya wuce matakin farko amma bai kai ga gogewa ba.

Sai dai ni ba waƙoƙin ne suka fi yi mini rana ba, sashen ba da maki ne. Wakilin kowace ƙasa zai fito ya gai da masu gabatarwa, ya yaba, sannan ya faɗi ƙasar da suka ba maki 12, wato maki mafi yawa. Na Girka da irin lafazinsa, na Faransa da nasa, na Ostireliya, wadda ta fara shiga a 2015, shi ma da nasa. Ɗalibaina sun daɗe suna jin kunyar buɗe baki wai Turancinsu bai yi kama da na Ingila ba. Da suka ga manyan mutane suna magana a gaban duniya kowa da harshensa na gado a ƙarƙashin Turancinsa, kuma ana fahimtarsu sarai, sai jikinsu ya saki.

Ranar da ba zan manta ba, na raba ajin gida biyar, na sa musu waƙoƙi shida daga gasar 2023, wadda aka yi a Liverpool a madadin Yukiren saboda yaƙi. Na ce kowane rukuni ya raba maki 12 da 10 da 8, da sharaɗin duk makin da aka bayar sai an kare shi da Turanci. Akwai wata ɗaliba da ta yi wata biyu ban ji muryarta ba sai wajen amsa suna. Ita ce ta miƙe ta dage cewa ta Finland ta fi ta Sweden. Da na gaya musu cewa a gasar ma masu kallo Finland suka fi jefa wa ƙuri'a, alƙalai ne suka ɗaga Sweden ta ci, sai aji ya kaure da musu. "Better than", "the best", "I disagree because", duk abin da na yi makonni ina rubutawa a allo ya riƙa fitowa daga bakinsu ba wanda ya tilasta. Waƙar Finland ɗin ma ba da Turanci take ba, amma Turancin da ta jawo a ajin ya fi na sauran biyar ɗin.

Fakitin kuwa cike gurbi ne daga farko har ƙarshe. Yana ɗan rage zafi ranar da ba ka shirya darasi ba, iyakarsa ke nan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallar irin waɗannan a intanet. Wasu bidiyon da gasar ta saka kyauta a shafinta na YouTube suke tattarawa su sayar maka, suna cewa suna da izini. Wanda na sayi nawa a hannunsa, baitocin kwafowa ya yi bai saurara ba, har takardar amsoshin akwai kurakurai, ɗalibi ne ya gano mini ɗaya a gaban aji. Da na yi masa magana ya daina amsa saƙo. In ka nace sai ka saya, ka nemi shafi ɗaya tukuna ka gwada shi da waƙar a kunnenka.

Ka zaɓi waƙa uku da minti goma na sashen maki ka fara da su. Ka kalle su kai kaɗai kafin ka kai aji, don wasu shigar da rawar ba su dace da ɗalibai ba, kuma ka ja musu kunne cewa mawaƙi kan lanƙwasa nahawu don kiɗa ya zauna, kada su kwashe shi su kai takardar jarrabawa.