Gargaɗi ga mutanen Aboabo, Asawase da Sawaba: mai "dashen haƙori" ya cinye min sidi 14,000

Assalamu alaikum jama'ar Zangon Kumasi. Sidi 14,000. Dubu goma sha huɗu. Shi ne kuɗin da wani mutum mai farar riga ya karɓa a hannuna da sunan zai dasa min haƙora biyu, yau ga ni ba kuɗin, ba haƙoran, har lafiyayyu biyun da ke gefen giɓin ya lalata min. Wallahi ban so fitowa na yi magana ba, kunya ta hana ni ko zuwa suna. Amma jiya wata 'yar adashinmu ta nuna min tallansa ya sake fitowa a WhatsApp da wani suna daban, hotunan nan dai, murmushin nan dai, wai yanzu yana wajen Sawaba. Jikina har rawa yake.

Kafin wani ya buɗe baki ya ce "ai ita ta so banza", ya tsaya ya ji. Ni ba yarinya ba ce. Atamfa nake sayarwa a Kejetia tun kafin a rushe tsohuwar kasuwa, hannu kawai nake sa wa zane na gane na Holan ne ko jabu. Babu dillalin da ya taɓa wucewa da kuɗina. Na yi tambaya, na ga wuri, na ga kaya da idona.

Wurin nan fa akwai kujerar likitan haƙori ta gaske, mai kwantawa, da fitila a sama. Akwai takarda a bango cikin gilashi da rubutun da ya ce na Turkiyya ne, can ya yi karatu. Akwai yarinya mai farin hijabi tana rubuta suna a littafi. Kuma ba a titi na tsince shi ba, a cikin matan adashinmu aka kawo maganarsa, wata ta ce ya wanke wa ƙanwarta haƙori ya yi fes. To ni me zan ce?

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar da ya ɗauko 'yar kwalbar nan. Ƙarama ce, kamar ta allura, a rufe, da ɗan ƙarfe mai murɗi a ciki. Ya ɗora min ita a tafin hannu ya ce, "Mma, riƙe ki gani, wannan titaniyom ne, shi zai shiga ƙashinki. Ke kamar uwata ce, abin da ba zan sa wa uwata ba ba zan sa miki ba." Daidai lokacin aka kira azahar. Ya cire safar hannu, ya ce na yi haƙuri, ya shimfiɗa darduma a gefen kujerar ya yi salla, ni kuma ina zaune riƙe da kwalbar. Ya sallame ya shafa addu'a. A nan na tura masa 6,000 na farko. A nan, da kwalbar a hannuna na hagu, waya a na dama. Ke kamar uwata ce. Mutum ya ɗaga goshi daga ƙasa ya dubi idona ya faɗi haka. Ku gaya min wace ce a cikinku ba za ta yarda ba?

Na manta ban faɗa ba, haƙoran sun tafi ne bara, lokacin da pragya, babur mai ƙafa uku, ta kife da mu a hanyar Asawase. Na gaba biyu na sama. An cire sauran guntayen, aka yi min na roba mai cirewa, amma ina cikin ciniki sai ya motsa, na dinga kare baki da gefen mayafi. Ga bikin 'yata ya matso. Katin inshorar lafiya ba ya ɗaukar haƙoran roba ma, balle dashe. Na taɓa tambaya a wani asibitin kuɗi, farashin da suka faɗa min da watannin da suka ce zan jira suka sa na koma gida. Shi kuwa ya ce rana ɗaya, a shiga da giɓi a fita da haƙori.

5,000 na biyu wai na fito da kaya ne daga filin jirgin Kotoka, an riƙe su. A'a, wannan ya biyo baya ne, kafin shi akwai 3,000 na "kan haƙorin" da ya ce a Istambul ake gasawa daidai launin nawa. Har wani ɗan allo mai jerin haƙora ya kara a bakina yana zaɓar launi, yana kiran yarinyar ta zo ta duba. 6,000, da 3,000, da 5,000. Duk ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk da sunan wata mace da ya ce matarsa ce. Rabin 'yan kasuwarmu da layin matansu ko na 'ya'yansu suke karɓar kuɗi, wannan ba abin zargi ba ne a garin nan. Kuɗin adashina ne na shekara, da wanda Yayana ya ƙara min daga kuɗin motarsa. Har yau ban iya haɗa ido da shi ba.

Ranar aikin ya yi min allura, leɓena ya mutu, na ji ƙarar inji, na ji ƙaurin haƙori, na tofar da jini a roba. Ya miƙo madubi, ga haƙora biyu farare. Na yi kuka, na sa masa albarka, na sa wa iyayensa albarka.

Ba a jima ba dasashina ya kumbura, ruwan sanyi ya gagare ni, bakina ya fara wari ko na goge. Na kira, ya ce jiki ne ke karɓar ƙarfe, na kurkure da ruwan gishiri. Na sake kira ya ce yana Tamale wajen rasuwa. Daga nan layi a kashe. Na je wurin na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gidan ya ce shi ma yana bin sa kuɗin haya, da dare suka kwashe kujerar.

'Yata ce ta ja ni asibitin Komfo Anokye, wato Gee, sashen haƙori. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta juyo min da allon ta ce, "Hajiya, nuna min inda ƙarfen yake." Babu. Ƙashi ne kawai da giɓi. Babu titaniyom, babu ƙusa, babu komai. Ƙarar injin da na ji, lafiyayyun haƙorana biyu na gefe yake gogewa, ya manna haƙoran roba a jikinsu da gam, abinci na shiga ƙarƙashi yana ruɓewa har ya tara mugunya. Kwalbar nan kuwa na tabbata ita ɗaya ce yake ɗora wa kowa a hannu.

Likitar ce ta zaunar da ni ta yi min bayanin yadda dashen gaskiya yake. Sai an fara ɗaukar hoto an ga kaurin ƙashin muƙamuƙi, domin ƙashin yana zaizayewa bayan haƙori ya fita, wani ma sai an ƙara masa ƙashi tukuna. Ana tambayar ciwon suga da shan taba, saboda suna hana wurin warkewa da kyau. Sannan a huda ƙashin a murɗa ƙarfen a ciki, a bar shi wata uku zuwa shida ya kama da ƙashi, kafin a ɗaura haƙorin dindindin a kai. Ko inda ake sa haƙori a ranar, na wucin gadi ne, kuma ba a yin sa ba hoto. Ni wannan azzalumin ko hawan jinina bai auna ba. Kuma ina da suga. Da a ce ya huda ƙashin da gaske da hannun nan nasa, Allah kaɗai ya san inda zan kasance yau.

Ɗaya daga cikin haƙoran da ya goge sai an cire masa jijiya, wani kuɗin ke nan a kan 14,000. An yi bikin 'yata ina rufe da baki, ko hoto ɗaya ban yi dariya ba.

Ku dai kada ku ba kowa ko sisi sai kun ga sunansa a rajistar Medical and Dental Council, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, kuma wurin yana da lasisin HeFRA, hukumar da ke ba asibitoci lasisi. Ba hoton ƙashi, ku tashi ku fita.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na ba su lambar MoMo ɗin. Saƙonnin tura kuɗin duka uku suna wayata, da muryarsa inda yake cewa kaya sun maƙale a Kotoka, da hoton ƙashin da aka ɗauka. Da zarar jami'in da ke riƙe da maganar ya ce babu laifi zan saka su duka ku gani, har da sabon tallan. Kuma na san ba ni kaɗai ba ce, domin ranar da na biya 6,000 akwai wani dattijo mai jar hula zaune a benci yana jiran layi, riƙe da kuɗi a leda. Duk wanda ya san baban nan, ko ke da aka yi miki irin nawa kika yi shiru, ku neme ni ta akwatin saƙo mu je ofishin tare. Ban yafe ba, kuma ba zan yafe ba.